Taku Goma Sha Ɗaya

Taku goma sha ɗaya ne shagona,
daga bakin ƙofa zuwa madubi.
Wata rana na raba kuɗin haya gida goma sha ɗaya,
tun daga nan in na taka ƙasa
sai in ji farashinta a tafin ƙafata.

Nan Izmir, a wani lungun Kemeralti
inda ƙamshin kofi ke riga 'yan shara fitowa,
nake ɗaga ƙyaure shekara goma sha tara.

A watan Agusta, gumi na bin gadon bayana,
na hau motar Bursa sarin kayan sanyi.
Haka sana'ar take:
ka sayi ɗari tun rana na gasa ƙeya,
ka yi caca da iskar da ba ta taso ba.
Necdet mai sari ya zuba mini shayi a ɗan kofin gilashi,
ya ce ruwan ƙasa ne yayin bana.
Kwat ɗari na ɗauka saboda ɗari:
ruwan ƙasa sittin, baƙaƙe talatin,
jajaye goma don idona kawai.
Rabi a hannu, rabi bayan kwana casa'in.

Jajayen suka ƙare a mako guda.
Na buga waya a ƙaro, aka ce babu.

Sanyi kuwa ya ƙi zuwa.
Nuwamba ta shigo, mutane a bakin teku
da gajeren hannu, suna lasar askirim.
Kwat casa'in a rataye, kafaɗa da kafaɗa,
baƙi ne da suka zo kwana uku
suka cinye wata huɗu,
fitila a kansu, rufi a kansu,
ba wanda ya taɓa tambayar nawa ne.

Bahattin mai gida ba ya duban sama.
Ɗaya ga wata yake duba.
Yana zuwa da gaisuwa mai laushi,
ya tambayi gwiwata, ya tambayi jikata,
ya ajiye takarda a kan kanta ya ɗora mata biro
don kada iska ta ɗauke.
Wace iska?
Bayansa 'yan lantarki, bayansu inshora,
sai mai gyaran silin da ya zo sau biyu
ya bar yoyon inda ya same shi.

Tuncay ɗan ƙanwata, mai riƙe mini littafi,
ya rubuta kuɗin kaya da kuɗin zaman shago
a layi guda.
Na ce raba su, ba su san juna ba.
Ya ce, Inna, a aljihu ɗaya suke kwana.

Ranar tamanin da biyar
na manna takardar ragi a gilashi da hannuna.
Kwana shida bayan nan, sanyi ya sauko daga tsauni
yana huci kamar mai bin bashi.
Wata malamar makaranta ta gwada ruwan ƙasa,
ta juya gaban madubi, ta ce kamar don ita aka ɗinka.
Na ce gaskiya ne.
Na naɗe mata a ƙasa da yadda na saro,
har na yi mata godiya.

Yanzu taku takwas gare ni.
Ukun bakin ƙofa na ba Sabri mai yankan makulli,
injinsa na kuka tun safe, ƙurar tagulla a kan tabarma,
amma kukan na biyan wuta.

Da dare in na kashe hita don tsimi,
sai in zari kwat guda in saka,
in zauna da lissafi.
Kaya ne masu kyau, wallahi.
Ɗinkin ciki ma ba shi da makusa.
Agusta mai zuwa, in da rai,
jajaye ashirin zan ɗauka,
ko sha biyar.